Kowace Unguwa da Halinta: Yadda Baƙo Zai Gane Babban Birni

Tambaya: Aiki zai kai ni wani babban birni, zan yi kamar wata guda a can. Ina jin ana cewa kowace unguwa da halinta, amma ni in na shiga babban gari sai in ga benaye da motoci duk iri ɗaya. Ta yaya mutum zai gane bambancin unguwanni? Daga ina zai fara, me kuma zai duba?

Amsa: Malam, yadda kake shiga garin shi ke sa ka gan shi iri ɗaya. Wanda ya hau mota daga masauki zuwa wurin kallo, ya sake hawa wata zuwa wani wurin, manyan tituna kaɗai yake gani, su kuwa kusan kamarsu ɗaya a ko'ina. Halin unguwa ya fi fitowa a inda take ƙarewa wata ta kama. Saboda haka ka ja layi guda wanda zai ratsa unguwa 3 ko 4, ka bi shi a ƙasa, ka lura da inda abubuwa suka sauya, sannan ka nemi dalili. Dalilin kuwa ba ya wuce 'yan abubuwa: irin ƙasar da aka yi gini a kanta, zamanin da aka yi ginin, wanda ya yanka filin, da mutanen da neman abinci ya kawo wurin.

Kafin ka fita, ka ba taswira awa guda. Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, ko ka duba OpenStreetMap, a kwamfuta in da hali, don fuskar waya ta yi ƙanƙanta. Ka ja baya har birnin ya fito gaba ɗaya, ka ƙyale sunaye, ka kalli saƙar tituna kawai. Za ka ga wani yanki lunguna ne murɗaɗɗu a cunkushe, wani tituna ne miƙaƙƙu masu haɗuwa a kusurwa, wani kuma layuka ne lanƙwasassu da ba sa ɓullewa. Duk inda saƙa biyu suka haɗu, ka sa alama. Can za ka je.

Ga misali. A 1811 aka zana wa tsibirin Manhattan na New York tsarin tituna miƙaƙƙu masu lamba, amma unguwar Greenwich Village ta riga wannan tsari, sai aka bar ta da titunanta na da. Shi ya sa a can za ka tarar da titi na 4 ya gitta titi na 10, abin da ba zai yiwu ba a sauran tsibirin. A Barcelona, yankin Eixample da injiniya Ildefons Cerdà ya tsara a 1859 an yanka shi murabba'i-murabba'i, kowane gefe mita 113, an kuma sare kusurwoyinsa. Kana cikin wannan tsari sai ka faɗa cikin ƙananan layuka da 'yan dandali: ka shiga Gràcia ke nan, wadda gari ce mai zaman kanta har zuwa 1897. Ba ka buƙatar allon suna ya gaya maka ka sauya unguwa, faɗin titin ya riga ya faɗa. A gefen Alƙahira kuma, kamar Imbaba da Bulaƙ Dakarur, za ka ga layuka dogaye, sirara, a miƙe, benaye manne da juna. Gonaki ne aka sayar yanki-yanki aka gine, shi ya sa layukan suka bi iyakokin gona da hanyoyin ban ruwa na da, ba a bar wa fili ko dandali wuri ba, don manomi ba ya sayar da gona ya ware fegi kyauta.

Abu na biyu a taswira shi ne tudu da kwari da ruwa. Kafin a sami famfo da magudanai masu kyau, mai hali tudu yake hawa, inda iska take kuma ruwa ba ya kwanciya, talaka a bar shi da fadama da bakin kogi, kusa da majema da mahauta da masana'antu. A Tokyo har yau ana bambanta Yamanote, tudun da manya suka zauna, da Shitamachi, kwarin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. A Landan iska ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, tana tura hayaƙin gawayi gabas, ga tashoshin jiragen ruwa su ma a gabas. Wannan na cikin abin da ya sa gabashin birnin ya daɗe yana zaman wurin ma'aikata, yammaci na masu kuɗi. Sai dai kada ka riƙe wannan a matsayin doka. A La Paz ta Bolibiya masu kuɗi ne a ƙasa, don can sanyi ya fi sauƙi kuma numfashi ya fi daɗi, talakawa na sama a El Alto, wajen mita 4,000 daga doron teku. A Rio de Janeiro ma bakin teku na masu hali ne, jikin duwatsu na marasa ƙarfi. Tambayar da za ka yi a kowane gari ita ce: wace ƙasa ce aka raina a lokacin da ake gini? Wanda ya zo daga baya ba kuɗi, can zai sauka.

In kana tafe za ka iya tabbatar da wannan da idonka. Dokin ƙofa da aka ɗaga matakala 2 ko 3 sama da titi, zanen laka a jikin bango, mitar wuta da aka kafa can sama, duk suna gaya maka ruwa na shiga unguwar, ko da ranar da ka je ƙasa a bushe take ƙayau.

Sai zamanin gini. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce ka tambayi kanka: da me mutanen farko na wannan unguwa suke zuwa aiki? Masu nazarin birane sun daɗe da lura cewa mutane ba sa son tafiyar da ta wuce kamar rabin awa zuwa wurin aiki. Mai tafiya a ƙasa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, don haka tsohon gari da aka gina kafin zuwan abin hawa da wuya faɗinsa ya wuce kilomita 5, kuma komai a haɗe yake: shago a ƙasa, gida a sama, wurin ibada da kasuwa a kusa. Da taragon cikin gari ya zo, sai unguwanni suka miƙe a jikin layinsa, shaguna jere a babban titi, gidaje a bayansu. Heliopolis ta Alƙahira, wadda aka kafa a 1905 a cikin hamada, layin tarago ne ya raya ta. Jirgin ƙasa kuma dunƙule unguwa yake yi a kewayen tasha, zuwa kamar mita 800, wato tafiyar minti 10, daga nan sai hayaniya ta ragu. Layin Yamanote na Tokyo zobe ne mai tsawon kilomita 34 da rabi da tasha 30, kuma kusan kowace tasha gari ce a kanta. Unguwar da aka gina don mota ita ce mafi sauƙin ganewa, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin abin kallo ga mai tafiya a ƙasa: gidaje a gefe guda, shaguna can wani gefe, wurin ajiye motoci a tsakani, kana iya tafiyar minti 15 ba ka gamu da wanda za ka yi wa sallama ba.

Yanzu iyakoki, kuma nan nake so ka fi sa ido. Kevin Lynch, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya yi nazari a Boston da Jersey City da Los Angeles, ya wallafa a 1960 cewa mutane suna riƙe birni a ka ne da abu 5: hanyoyi, iyakoki, yankuna, mahaɗai, da alamomin da ake kwatance da su. A cikin biyar ɗin nan iyaka ce ta fi amfani ga baƙo. Kogi, layin dogo, babbar hanya, tsohuwar ganuwa, katangar barikin soja ko ta masana'anta, har da maƙabarta, duk suna yanka gari. Abin da ke sa su ƙarfi shi ne ƙarancin wurin tsallakawa. In gadar ƙafa ɗaya ce tak a cikin kilomita guda, mutanen ɓangarorin biyu ba za su haɗa makaranta ko kasuwa ba, bayan shekara 30 kuwa sun zama al'umma biyu. Zoben hanyar mota da ya kewaye Paris, wanda aka kammala a 1973, a kan layin katangar tsaron birnin ta wajajen 1840 aka shimfiɗa shi, kuma har yau shi ne ya raba "cikin Paris" da unguwannin bayan gari a zukatan mutane. A Johannesburg, babbar hanyar M1 ce tsakanin Sandton, cibiyar kuɗi, da Alexandra mai cunkoso. Wannan ba haka kawai ya faru ba, gadon dokokin wariyar launin fata ne, irin dokar raba wuraren zama ta 1950. A biranen Amurka kuma, a shekarun 1930 wata hukumar gwamnati ta zana taswirori tana shafa wa wasu unguwanni jan launi, akasari na baƙaƙen fata da baƙin haure, a matsayin wuraren da ba da bashin gida ke da haɗari, har yanzu ana ganin tabon wannan layi a darajar gidaje. Idan ka ga titi ɗaya, hagunsa da damansa kamar ba gari ɗaya ba, to ka nemi doka ko shawarar wata hukuma a bayansa, kada ka ɗora wa halin mazauna.

Ka kuma sani iyakar hukuma daban, iyakar da mutane suka sani daban. Paris an raba ta gunduma 20 tun 1860, amma unguwar Belleville ta taɓa huɗu daga cikinsu. Dillalan gidaje su ma sukan ja sunan unguwa mai tsada su lulluɓe maƙwabciyarta da shi don haya ta tashi. Maganin wannan shi ne ka tambayi mutum 3 daban-daban, misali mai shago da direba da dattijon da ke zaune a ƙofar gida, "Ina unguwar nan ta tsaya?" Inda amsarsu ta zo ɗaya, iyaka ce ta gaske. Inda suka saɓa, wurin na cikin sauyawa.

Ita tafiyar, ga yadda ake tsara ta. Ka zaɓi layi mai tsawon kilomita 5 zuwa 6, ka ba shi awa 3, domin mai kallo ba ya wuce kilomita 2 a awa. Ka hau bas ko jirgi zuwa can ƙarshen layin, sannan ka taho da ƙafa zuwa tsakiyar gari. Amfanin haka biyu ne: lokacin da gajiya za ta kama ka kana inda abin hawa ya wadata, sannan kana tafe daga sabon gini zuwa tsoho, sauyin ya fi fitowa. Kada ka manne wa babban titi. Ka bi layin da ke bayansa, ka riƙa leƙo babban jifa-jifa, don shi babban titi na duk gari ne, layin baya ne na 'yan unguwa. Duk bayan mita 400 ka tsaya ka rubuta abin da ya sauya.

Abin da za ka ƙirga na farko shi ne ƙofofi. Taku 130 kimanin mita 100 ne. Ka ƙirga ƙofar da ke buɗewa kan titi a cikin wannan tazara, a gefe ɗaya. Jan Gehl, masanin gine-gine ɗan ƙasar Denmark, ya sa ma'auni: ƙofa 15 zuwa 20 a mita 100 titi ne mai rai, 2 ko ƙasa da haka matacce ne. Wannan lamba ɗaya tana gaya maka girman filaye, da yawan masu mallaka, da ko ƙaramin ɗan kasuwa zai iya kama shago. Bayan haka ka dubi bakin ƙofar gidajen: ƙararrawa nawa, mitar wuta nawa, akwatin wasiƙa nawa. Gidan da aka gina wa iyali ɗaya amma yana ɗauke da mita 8, an yayyanka shi ɗaki-ɗaki ana haya, ma'ana masu shi na asali sun tashi, masu ƙaramin ƙarfi sun shigo. In kuwa ka ga ramukan ƙararrawa shida an toshe an bar guda, kuɗi ne ke dawowa unguwar.

Ka riƙa ɗaga kai. Hawan ƙasa na bene yana sauya fuska duk bayan 'yan shekaru, fenti da allo da gilashi, amma daga hawa na biyu zuwa sama ginin yana nan da shekarunsa. Can za ka ga shekarar gini a rubuce, da sunan kamfanin da ya mutu, da tsayin tagogi. Can kuma za ka ga shanya a baranda, da tankin ruwa, da na'urar sanyaya ɗaki, da ƙarafan rodi da aka bari tsaye a saman gini. Rodin nan alama ce cewa mai gida da kansa yake gini, yana jiran kuɗi ya ƙara hawa, ba kamfani ba ne.

Shaguna ka raba su gida biyu a ranka: waɗanda mazauni ke buƙata duk mako, da waɗanda baƙo ke shiga sau ɗaya. Mai aski, kantin magani, mai gyaran takalmi, mai sayar da ƙusa da fanfo, mai gyaran waya, wurin wanki, waɗannan na mazauna ne. In sun ɓace, aka bar masu tsaraba da masu canjin kuɗi, to unguwar ta zama wurin kallo, komai kyan gininta. Shagon aika kuɗi ƙasashen waje yakan lissafa ƙasashen a gilashi, wannan ya ishe ka sanin inda mazauna suka fito. Tallan ɗakin haya da aka rubuta da hannu aka manna a sandar wuta, ka duba da wane harshe aka rubuta shi. Sannan ka dubi abin da hukuma ke yi da wanda mutane ke yi wa kansu: fitilun titi na ci ko sun mutu, ana kwashe shara ko ta taru, akwai bishiyoyi ko babu, katanga ta kai ina, mai gadi na gwamnati ne ko na haya. Alamar da na fi yarda da ita ta zaman lafiya ba tsafta ba ce, yara ne suna wasa a waje ba babba a kansu, da tsofaffi zaune a bakin titi ba gaggawa.

Bari mu ɗauki layi guda a Alƙahira don ka ga yadda abin ke aiki. Ka fara daga Babul Futuh, ƙofar arewa ta birnin da Faɗimiyyawa suka kafa a 969, ka bi titin Mu'izz kudu kamar kilomita guda zuwa Bab Zuwaila. Titi ne matsattse, masallatai da makarantu da shaguna kafaɗa da kafaɗa, sana'o'i rukuni-rukuni, maƙeran tagulla a nasu wurin, masu ɗinkin tanti a rufaffiyar kasuwarsu da ke bayan ƙofar kudu. Daga nan ka juya yamma. Ba da jimawa ba za ka ɓulla wani faffaɗan titi mai suna Port Said, wanda faɗinsa bai dace da abin da ka baro ba. Dalili: tsohuwar hanyar ruwa ce da ta bi gefen birnin, aka cike ta a ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗora tarago. Da ka tsallaka, sai tituna su miƙe, su riƙa haɗuwa a shataletale, benaye masu hawa 5 da 6 da baranda irin ta Turai: ka shiga tsakiyar garin da Khedive Isma'il, mai mulkin Masar na lokacin, ya sa aka tsara a shekarun 1860. Ka ɗaga kai a nan, za ka ga gine-ginen manyan mutane ne da suka tsufa, ofisoshi da ƙananan masaukai sun maye gurbin iyalai. Ka wuce dandalin Tahrir, ka hau gadar Ƙasrun Nil mai zakuna, ka sauka tsibirin da Zamalek take, inda bishiyoyi da ofisoshin jakadanci suka yi yawa, ƙara ta ragu. Tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba, amma ka ratsa shekara 1,000, kuma kowane sauyi ka ga abin da ya jawo shi.

Zuwa ɗaya ba ya isa, don unguwa tana sauya mutane da sauyin awa. Wadda ta ja hankalinka ka koma mata sau 3: da safe tsakanin 7 da 9 ranar aiki, ka ga ko mutane fita suke ko shigowa, da la'asar lokacin tashin makaranta, da kuma bayan 8 na dare, ka ƙirga tagogin da ke da haske. Ka ƙara da ranar hutun garin, wadda za ka tambaya, don ba ɗaya ba ce a ko'ina. Tsohuwar cibiyar Landan, wadda ake kira City, a ƙidayar 2021 mazaunanta ba su kai 10,000 ba, amma masu zuwa aiki sun haura 500,000. Wanda ya je ranar Talata da rana da wanda ya je ranar Lahadi, in suka ba da labari sai ka rantse ba wuri ɗaya suka je ba.

Game da mutane, abin da ya kamata ka riƙe shi ne unguwa ba ta zama ta ƙabila ɗaya har abada. Sabon zuwa yana sauka inda haya ke da araha kuma kusa da aiki, galibi gefen tasha ko tashar jirgin ruwa ko masana'anta, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya kira nasa. Bayan 'ya'ya sun yi karatu sun sami abin hannu sai su tashi, wasu baƙin su gaje ɗakunan. A titin Brick Lane na gabashin Landan akwai gini ɗaya da ya nuna wannan ƙarara: Furotesta 'yan gudun hijira daga Faransa ne suka gina shi coci a 1743, daga baya ya koma hannun wata ɗariƙar Kirista, a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama wurin ibadar Yahudawa, a 1976 ya zama masallacin 'yan Bangaladash. Don haka duk wurin ibada ko ɗakin taro da ka gani, ka duba ko siffar ginin ta dace da masu amfani da shi yanzu. Haka Balat da Fener a Santambul, unguwannin Yahudawa da Girkawa na da, waɗanda 'yan ci-rani daga karkarar Turkiyya suka cika bayan tashin waɗancan. Kreuzberg ta Berlin kuwa katangar da aka gina a 1961, wadda ta raba birnin biyu, ita ce ta mayar da ita lungu mai arahar haya, a shekarar da Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗauko ma'aikata daga Turkiyya. Da katangar ta faɗi a 1989 sai lungu ya wayi gari a tsakiyar birni, haya ta fara hawa.

Ɓacewar aiki ma tana sauya unguwa kamar zuwansa. Tashoshin jiragen ruwa na cikin Landan sun rufe zuwa 1981, a kan wasunsu aka gina benayen bankuna na Canary Wharf. Masaƙun Mumbai sun durƙushe bayan yajin aikin 1982, filayensu a unguwar Lower Parel suka koma ofisoshi da manyan kantuna, alhali gidajen ma'aikatan na nan a gefe. Wannan shigowar masu kuɗi unguwar talakawa, wadda masaniyar zamantakewa Ruth Glass ta fara bayyanawa a Landan a 1964, tana da alamunta: katakon gyara a jikin gidaje da yawa lokaci guda, shago biyu masu sayar da abu iri ɗaya amma kowane da irin mutanensa, ƙananan akwatunan ajiye makulli a bakin ƙofa don masu hayar kwana biyu. Kada ka yi saurin cewa unguwar "ta gyaru". Ka tambaya ina waɗanda ke ciki da suka koma.

Kurakuran da baƙi suka fi yi kaɗan ne amma suna maimaituwa. Na farko, yanke hukunci daga titi ɗaya. Na biyu, dogaro da sunan da unguwa ta yi, alhali suna yakan tsaya inda yake shekaru bayan wurin ya sauya. Direban tasi da ma'aikacin masauki sau da yawa labarin da suka gada suke faɗa, ba su taka wurin ba. Na uku, haɗa talauci da haɗari. Layin da ke cike da mata da yara da masu talla ya fi aminci a kan tsaftataccen titin ofisoshi da ba kowa bayan magariba. Haɗari na gaske yakan kasance a wuraren da ba na kowa ba: ƙarƙashin gada, bayan tasha, jikin doguwar katanga, fili marar haske. In ka ga layi ya yi tsit farat ɗaya, shaguna a rufe ba lokacin rufewa ba, ko ana bin ka da kallo, ka juya ta inda ka fito ba tare da gudu ba. Unguwar da 'yan gari da yawa suka ce kada ka shiga kai kaɗai, ka nemi ɗan ciki ya raka ka, da rana. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Hoto shi ne abin da ya fi jawo rigima. Kada ka ɗauki mutum sai da izininsa, yara kuwa ka bar su gaba ɗaya. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, gada, tasha da gidan gwamnati, a ƙasashe da yawa ɗaukarsu na iya kai ka ga tsarewa. Ɗan littafi da biro sun fi waya amfani a wannan aiki, ba sa tsorata kowa, ba sa jan ɓarawo. Ka sauke taswirar a waya tun a masauki don kada ka tsaya tsakiyar titi kana lalube. Ka kuma tuna gidajen mutane kake ratsawa. Ka yi gaisuwa, ka sayi ɗan wani abu a shago kafin ka fara tambaya. Kada ka ce "Yaya unguwar nan take?", don amsar da za ka samu ita ce "lafiya lau". Ka ce, "Me ke wurin nan kafin a yi wannan gini?" ko "In za ku sayi abin da babu a nan, ina kuke zuwa?" ko "Su wa ke kama haya a nan yanzu?" Irin waɗannan ke buɗe baki.

Watan naka kuwa, ka ba makon farko ga abin hawa: ka hau layin bas ko jirgin ƙasa na cikin gari 3 ko 4 daga farko har ƙarshe, ka zauna gefen taga, ka lura da tashar da fasinjoji ke sauya kama. Mako na biyu da na uku ka yi tafiyar ƙafa 4 zuwa 6, kowace ta nufi wata fuska daga tsakiyar gari, kana cike abubuwa iri ɗaya a kowace tsayawa, faɗin titi, yawan hawa, ƙofofi a mita 100, irin shaguna, harshen alluna, da wanda ke waje, don in ma'aunin ya bambanta ba za ka iya kwatantawa ba. Makon ƙarshe ka zaɓi unguwa ɗaya, ko biyu masu maƙwabtaka da suka saɓa, ka riƙa komawa wuri ɗaya a lokuta daban-daban har mai shago ya fara gane ka. A nan ne za ka je ɗakin karatu na birni ko gidan tarihinsa ka nemi tsohuwar taswira ta shekara 50 ko 100 da suka wuce, ka ajiye ta gefen ta yanzu, ka duba wuraren da ka sa wa alama ka kasa gano dalilin sauyinsu. Galibi za ka tarar da rafi da aka binne, ko layin dogo da aka cire, ko iyakar gonar wani.